Sarkin Katsina Usman Nagogo (1905-1981)

An haifi Alhaji Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Shi ɗa ne ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya yi karatun allo da na boko, ya shugabanci 'yan dokan En'e, sannan aka naɗa shi Magajin Gari. A 1944 ya gaji mahaifinsa, ya mulki masarautar da ta miƙe tun daga iyakar Nijar har zuwa ƙasar noma ta Malumfashi da Funtuwa da Danja.

Jama'a sun fi saninsa da gwanintar wasan folo, amma babban abin da tarihi ya riƙe masa shi ne matsayin da ya ɗauka a taron tsarin mulki na Ibadan, a watan Janairu na 1950. A lokacin Arewa ta fi yawan jama'a, sai dai 'yan bokonta ƙalilan ne idan aka kwatanta da na Kudu. Saboda haka shugabanninta suka ji tsoron kada majalisar tarayya ta riƙa zartar da dokoki a kan addininsu da shari'arsu da sarautunsu alhali ba su da bakin hanawa. Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarki Nagogo suka tsaya kai da fata a kan a ba Arewa rabin kujerun majalisar, in kuwa aka ƙi, to za ta nemi komawa yadda take kafin haɗewar 1914.

Irin wannan fargaba ta taɓa kama Musulmin Indiya, waɗanda su marasa rinjaye ne a ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1929 Muhammad Ali Jinnah ya nema musu kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisar tsakiya. Ba a daidaita ba, har aka raba ƙasar a 1947. A Nijeriya kuwa an sasanta: tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓun wakilai, Gabas da Yamma kowacce 34. Wannan rabo ya kwantar da hankalin Arewa, amma ya bar wa 'yan Kudu ƙorafin da aka daɗe ana jayayya a kansa.

Allah Ya yi wa Sarki Nagogo rasuwa a 1981, bayan shekara 37 a kan gadon sarauta. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi.