Mu'azu Haɗeja: Malamin Aji Mai Kaifin Alƙalami

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu ba mu san Mu'azu Haɗeja ba sai a takardar jarrabawar Hausa, alhali ɗan garin nan ne, daga gidan sarautar Haɗeja. Aikin koyarwa ya kai shi Kano, kuma yana wannan aiki ne waƙoƙinsa suka yi suna.

A zamaninsa iyaye da dama suna gudun boko, suna ganin hanyar lalacewa ce. Shi kuwa, mai karatun addini kuma ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, sai ya rubuta Ilimin Zamani, yana nuna cewa neman wannan ilimi bai saɓa wa Musulunci ba. A lokacin, faɗin haka sai mai ƙarfin hali. Bai kuma raga wa masu shashanci ba; waƙoƙinsa na Giya da Karuwa shaida ne. Ni dai na fi son Birrul Walidaini, kan biyayya ga iyaye, musamman in mai murya ya rera ta, domin don rerawa aka tsara su.

A Zariya aka buga littafinsa, Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja. Ya rasu a 1958, da ƙuruciyarsa, bai ga ranar samun 'yancin Najeriya ba. Allah ya jiƙansa.