W.E.B. Du Bois, malamin da ya mayar da alƙaluma zane

Duniya ta fi sanin marigayi Dokta William Edward Burghardt Du Bois a matsayin ɗan gwagwarmayar ƙwato 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, kuma ɗaya daga cikin iyayen aƙidar haɗin kan Afirka.

Sai dai a wurin malaman da ke koyar da fasahar zana alƙaluma a jami'o'i, sunansa yana tafe ne da wani aiki dabam, wato zane-zane kimanin 60 da shi da ɗalibansa suka yi da hannu, aka kai su bikin baje kolin duniya na birnin Paris a shekarar 1900.

Haihuwa da karatu

An haifi Du Bois ne a ranar 23 ga watan Fabrairun 1868 a garin Great Barrington na jihar Massachusetts, ƙasa da shekara uku bayan haramta bauta a Amurka. Mahaifinsa ya bar gida tun yana ƙarami, don haka a hannun mahaifiyarsa ya tashi cikin rashin wadata.

A shekarar 1885 ya shiga Jami'ar Fisk ta baƙaƙen fata da ke kudancin ƙasar, inda ya fara ganin wariyar launin fata ƙiri-ƙiri. Daga nan ya wuce Jami'ar Harvard, sannan ya yi shekara biyu a Jami'ar Berlin ta Jamus, a gaban malamai irin su Gustav Schmoller, waɗanda suka ɗora nazarin zaman jama'a bisa ƙididdiga da bincike.

A 1895 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a Harvard.

Aikin da ya fara fito da shi shi ne binciken da ya yi a wata unguwar baƙaƙen fata a birnin Philadelphia. Ya bi gida-gida yana tambayar mutane sana'arsu, da abin da suke samu, da kuɗin hayar da suke biya. Littafin ya fito a 1899, ɗauke da taswirar unguwar, an shafa wa kowane gida launin da ke nuna halin rayuwar mazaunansa.

Aji a Atlanta

A shekarar 1897 Du Bois ya fara koyar da tarihi da tattalin arziki a Jami'ar Atlanta da ke jihar Jojiya.

A wancan zamani alƙaluma sun zama makami a hannun masu aƙidar fifikon farar fata. A 1896 wani masanin ƙididdiga na kamfanin inshora mai suna Frederick Hoffman ya wallafa littafi yana iƙirarin cewa baƙaƙen fatar Amurka za su ƙare sannu a hankali, wai saboda rauni da ke cikin halittarsu. A shekarar ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a.

Du Bois ya ga cewa maganin alƙaluman da aka murɗe shi ne alƙaluman da aka tattara da gaskiya. Bisa wannan ya tsara darasinsa. Ɗalibai sukan zauna da kundayen ƙidayar jama'a su koyi fitar da lissafi, wasu kuma su shiga unguwanni da takardun tambayoyi. Tsofaffin ɗaliban jami'ar da ke koyarwa a garuruwan kudu su ma sukan aiko da bayanai daga inda suke.

Kowace shekara jami'ar takan fitar da rahoto a kan fanni guda: kasuwancin baƙaƙen fata a 1899, waɗanda suka gama jami'a a 1900, makarantun firamare a 1901, masu sana'ar hannu a 1902.

Shekarar 1899 ta zo masa da baƙin ciki biyu. A watan Afrilu wasu gungun farare suka ƙona wani baƙar fata mai suna Sam Hose da ransa a kusa da garin Newnan. Du Bois yana kan hanyar kai takardar bayani ga wata jarida a Atlanta ya ji cewa an baje wani sashe na gawar a wani kanti, sai ya juya gida. Bayan wata guda ɗansa na fari ya mutu da cutar mashaƙo tun bai cika shekara biyu ba.

Kisan Sam Hose ya girgiza imaninsa cewa hujja kaɗai za ta iya sauya zukata. Duk da haka, cikin wannan hali ya karɓi aikin Paris.

Zane-zanen Paris

Wani lauya mai suna Thomas Calloway, wanda suka yi karatu tare a Fisk, shi ya shawo kan majalisar dokokin Amurka ta ware dala dubu 15 domin nuna ci gaban baƙaƙen fata a baje kolin. Lokacin da kuɗin suka fito, 'yan watanni kawai suka rage.

Du Bois da ɗalibansa suka duƙufa da rula da tawada da fenti, suna zana kowane allo da hannu a kan babban kwali. Sun kasa aikin gida biyu. Kashi na farko ya shafi jihar Jojiya, wadda ta fi kowace jiha yawan baƙaƙen fata a lokacin. Kashi na biyu ya shafi Amurka baki ɗaya, da bayani cikin Turanci da Faransanci, an kuma rubuta a jikinsa cewa ɗalibai baƙaƙen fata ne suka shirya shi.

Allon farko taswirar duniya ce, da layuka da suka taso daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka, suna nuna hanyoyin da aka bi da bayi, an sa wa Jojiya tauraro. Kafin mai kallo ya ga lamba ko ɗaya, an riga an tuna masa yadda mutanen suka je can.

Zanen da ya fi shahara shi ne na mazauna birni da ƙauye. A ƙidayar 1890, baƙaƙen fata 78,139 ne ke zaune a manyan biranen Jojiya, yayin da 734,952 ke karkara. In da za a ja layin mutanen karkara a miƙe bisa ma'auni ɗaya da na birni, da ya fice daga kwalin. Sai aka ja na manyan birane da kore, na ƙananan garuruwa da shuɗi da rawaya, na karkara kuwa aka ja shi da ja, aka yi ta naɗe shi kamar gammo. Da kallo ɗaya mutum zai gane inda jama'ar suke.

An yi amfani da irin wannan naɗi wajen nuna darajar kayan ɗaki da na girki da baƙaƙen fatar jihar suka mallaka, daga dala 21,186 a 1875 zuwa dala 1,434,975 a 1899. Wani allo ya nuna gonakinsu sun haura eka miliyan ɗaya. Wani ya bi kuɗin shiga da na kashewa na iyalai 150 a Atlanta, ya rarraba su tsakanin haya da abinci da sutura da haraji.

Akwai kuma wanda aka yi musamman domin idon Turawa. An jera ƙasashe bisa yawan waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, aka ja sandar baƙaƙen fatar Amurka da launi dabam. Ta fi ta Faransa tsawo nesa ba kusa ba, amma ba ta kai ta Rasha da Sabiya da Romaniya ba. Wato jama'ar da doka ta hana koya musu karatu a zamanin bauta sun sha gaban wasu ƙasashen Turai cikin shekara 35.

Zane-zanen ba su ɓoye rauni ba. Sun nuna yawancin baƙaƙe suna noma ne ko aikatau, kuma tare da su an ajiye kundin dokokin wariya na Jojiya da aka kwafa da hannu, domin mai kallo ya haɗa hali da dalilinsa.

Du Bois ya tafi Faransa a ɓangare mafi araha na jirgin ruwa saboda ƙarancin kuɗi. A wannan baje koli, wanda mutane kusan miliyan 50 suka ziyarta, Faransa ta kafa rumfunan ƙasashen da take mulka, ciki har da Dahomey, inda ake nuna 'yan Afirka a matsayin abin kallo. Alƙalan bikin sun ba Du Bois lambar zinariya, amma manyan jaridun fararen fata na Amurka ba su ce komai a kai ba sai kaɗan.

Daga aji zuwa fagen gwagwarmaya

A watan Yulin 1900 ya halarci taron haɗin kan Afirka na farko a Landan. A 1909 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya kuma bar jami'a a 1910 domin shugabantar mujallarta har zuwa 1934. A taron Manchester na 1945 ya zauna tare da Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta.

Ra'ayinsa na gurguzu ya haɗa shi da gwamnatin Amurka. An gurfanar da shi a kotu a 1951, aka sallame shi, amma aka riƙe fasfonsa har 1958. A 1960 ya je Legas bikin rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar na Nijeriya.

A 1961 ya koma Ghana bisa gayyatar Shugaba Nkrumah domin jagorantar aikin haɗa kundin ilimi na Afirka. Ya rasu a Akra ranar 27 ga watan Agustan 1963 yana da shekara 95, kwana ɗaya kafin gagarumin gangamin neman 'yanci na birnin Washington. A Akra kabarinsa yake.

Allunan Paris kuwa an adana su a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, inda suka daɗe ba a waiwaye su ba. Bayan an sa hotunansu a intanet, aka kuma buga su da cikakken launi cikin littafi a 2018, sai suka shiga darussan zanen alƙaluma. A yau ɗalibai sukan sake zana su da kwamfuta, domin su koyi yadda ake zaɓen ma'auni da launi da siffa har mai kallo ya fahimci gaskiyar da ke cikin lamba.