Konfushiyas, Malamin da Sarakuna Suka Ƙi Saurara

Cikin mutanen dā da na karanta tarihinsu, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Konfushiyas na ƙasar Sin.

An haife shi a masarautar Lu a shekara ta 551 kafin Miladiyya. Yana ɗan shekara uku mahaifinsa ya rasu, ya tashi cikin talauci, har ya yi aikin kula da rumbunan hatsi. Da ya fara koyarwa bai kori ɗan talaka ba, ko da busasshen nama kawai ya kawo.

Ya riƙe muƙamin ministan shari'a a Lu. A 497 ya bar gida, ya shekara 13 yana bin fadoji, yana neman sarkin da zai yi mulki da adalci. Bai samu ba. Ya komo gida, ya rasu a 479.

Almajiransa suka yi masa makokin shekara uku, suka tattara maganganunsa. Daga baya koyarwarsa ta zama tushen jarrabawar shiga aikin gwamnati a Sin, har zuwa 1905 Miladiyya. A ganina, ɗalibai su ne shaidar malami.