Bettino Ricasoli: Firayim Ministan Italiya da sunansa ya wanzu a gonar inabi

Sau biyu Bettino Ricasoli yana hawa kujerar Firayim Ministan Italiya, kuma duk sau biyun bai cika shekara guda a kanta ba. Abin da ya daɗe bayansa shi ne jar giyar inabi ta Chianti, wadda Turawa ke ajiyewa shekaru kafin su buɗe kwalbarta.

An haife shi a birnin Filorens ranar 9 ga Maris 1809, a gidan sarautar da ke riƙe da fadar Brolio, kusa da Siyena, tun shekarar 1141. Yana ɗan shekara 18 ya zama maraya, ya gaji filaye masu faɗi da bashi mai nauyi. Maimakon ya sayar, sai ya tare a ƙauye ya tsuke bakin aljihu, ya sa ido a kan manoma da littafin lissafi har gonar ta tashi. Mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya lanƙwasuwa, shi ya sa ake yi masa laƙabi da basaraken ƙarfe.

A lokacin Italiya a rarrabe take, kowane yanki da mai mulkinsa. Da sarkin Tuskani ya gudu a 1859, ragamar yankin ta faɗo hannun Ricasoli, shi kuwa ya dage har aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Maris 1860, Tuskani ta haɗe da masarautar Sardiniya. Da Cavour ya rasu a Yunin 1861, shi ya gaje shi. Ya nemi sulhu da Fafaroma a kan birnin Rum, bai samu ba, ya sauka a Maris 1862. Ya dawo a 1866, shekarar da Benis ta shiga Italiya, sannan rigimar dukiyar coci ta sake kayar da shi a 1867. Taurin kan da ya ceci gonarsa bai yi masa rana a majalisa ba.

A Brolio ne haƙurinsa ya biya. Ya shafe shekaru yana gwada irin inabi daban-daban, ya je Faransa ya ga yadda suke aikinsu. A 1872 ya rubuta wa Farfesa Cesare Studiati na Jami'ar Pisa sakamakon bincikensa: inabin Sangiovese shi ne ginshiƙi, daga gare shi ƙamshi da ƙarfi suke fitowa, Canaiolo yana tausasa kaifinsa, farin inabin Malvasia kuwa na giyar da za a sha da wuri ne, wadda za a ajiye ba ta bukatarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka yi watsi da shi. Dokar 1967 ta tilasta zuba farin inabi a cikin Chianti, darajarta ta zube a kasuwa, kuma sai a 2006 aka haramta shi kwata-kwata a Chianti Classico, wadda yanzu dole kashi 80 cikin 100 nata ya kasance Sangiovese.

Ya rasu a Brolio ranar 23 ga Oktoba 1880. A shekarun 1970 kamfanin giyar ya suɓuce wa zuriyarsa zuwa hannun Seagram na Kanada, ko da yake fadar da gonakin sun ci gaba da zama nasu. A 1993 ɗaya daga cikin jikokin gidan ya fanso shi.