Abraham Cahan, editan da baƙi ke kai wa kukansu

A titin East Broadway, can ƙasan tsibirin Manhattan na birnin New York, akwai wani tsohon bene mai hawa goma, lamba 175. Aikin duba harsashin wani gini ne ya kai ni unguwar, kuma abin da ya tsayar da ni a gabansa shi ne manyan haruffan Ibraniyanci da ke samansa, alhali shagunan da ke kewaye duk na Sinawa ne. Daga baya na fahimci cewa hedikwatar jaridar Forward ce, aka kammala ta a 1912, kuma a cikinta ne wani mutum ya shafe shekaru yana karanta wasiƙun baƙi irinmu, waɗanda suka ƙetare teku suka tarar da rayuwar da ba su zata ba.

Sunansa Abraham Cahan. An haife shi a 1860 kusa da birnin Vilna na Lituwaniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa malamin Ibraniyanci ne, shi kuwa ya yi karatun zamani a kwalejin horon malamai, inda ya faɗa cikin matasa masu neman juyin juya hali. Da aka kashe Sarki Alexander na Biyu a 1881, 'yan sanda suka shiga farautar irinsu, sai ya tsere ya isa Amurka a 1882, yana ɗan shekara 21. Ya yi aikin leburanci a masana'anta, ya koyi Ingilishi da gaggawa, har ya koma koyar da shi ga sababbin zuwa a makarantun dare. Yana cikin waɗanda suka kafa Forward a 1897. Rigima da abokan tafiyarsa masu ra'ayin gurguzu ta fitar da shi, ya yi 'yan shekaru yana ɗauko labarai wa wata jaridar Ingilishi, sannan ya dawo a 1903 ya riƙe ragamarta fiye da shekara arba'in.

Da harshen Yidish ake buga jaridar, wato harshen gida na Yahudawan gabashin Turai, wanda ake rubutawa da haruffan littafinsu na addini kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Masu ilminsu na raina shi, suna ganin harshen kasuwa ne da madafa. Cahan ya nace a rubuta shi yadda tela da mai talla ke furta shi, har da kalmomin Ingilishi da suka riga suka shige bakin mutane. Masu kishin tsabtar harshe ba su taɓa yafe masa wannan ba.

A watan Janairun 1906 ya buɗe filin da ya fi komai ɗaukaka sunansa, Bintel Brief, ma'ana ƙunshin wasiƙu. Wasiƙar da aka fi tunawa daga rukunin farko a kan agogo take. Wata mata ce ta rubuto cewa agogon ɗanta ya ɓace, agogon da suke kaiwa jingina duk lokacin da aiki ya tsaya, su fanso shi idan hali ya samu. Tana zargin maƙwabciyarta, amma ta san talauci ne ya sa ta, don haka ba ta neman a kama kowa. Roƙonta kawai a aiko mata da takardar jinginar ta gidan waya, zumunci ya ci gaba. Cahan ya gane cewa babu wani marubuci a ofishinsa da zai iya ƙirƙiro labarin da ya kai wannan nuna halin da mutanensa ke ciki.

Daga nan wasiƙu suka yi ta kwarara. Ga mutumin da ya bar mata a gida da alkawarin aiko mata da kuɗin jirgi, shekaru suka wuce, zuciyarsa ta karkata wani wuri. Ga budurwar da shugabanta a masana'antar ɗinki ke matsa mata, tana tsoron ta yi magana ta rasa abincinta. Ga uban da 'ya'yansa ke jin kunyar ya buɗe jaridar Yidish a cikin jirgin ƙasa, da saurayin da ya daina zuwa wurin ibada amma bai san yadda zai fuskanci mahaifiyarsa ba. Waɗanda ba su iya rubutu ba sukan biya a rubuta musu, kamar masu rubuta wasiƙa da ake samu a bakin gidan waya a garuruwanmu a da. Gudun maza ya yi yawa har jaridar ta ware shafi tana buga hotunan mazan da suka ɓace suka bar mata da yara. Na daɗe ina kallon wasu daga cikin hotunan nan. Ban ga fuskar mugu ko ɗaya ba, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali.

A shekarun farko shi da kansa yake amsawa, daga baya ma'aikatansa suka karɓa bisa tsarin da ya shimfiɗa. Amsoshin gajeru ne, ba su da wa'azi mai yawa. Mai tari ya je asibiti, wanda ake zalunta a wurin aiki ya shiga ƙungiyar ƙwadago, matar da ke son makarantar dare mijinta ya ƙyale ta. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko da yake Cahan ya rabu da ibada tun yana saurayi, filin nasa yakan gargaɗi matasa masu irin ra'ayinsa da kada su wulaƙanta iyayensu masu riƙo da addini. Amma kada a ɗauka mutum ne mai sanyin hali. Marubutan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun san shi da kama-karya da riƙo, kuma gabarsa da marubuci Sholem Asch, a kan littafin da Asch ya rubuta game da Annabi Isa a 1939, ta ɗauki shekaru yana caccakarsa a shafukan jaridar.

Akwai kuma wani lissafi da ban tabbata ya yi shi har ƙarshe ba. Kusan duk shawarwarinsa hanya ɗaya suka fuskanta: ku koyi Ingilishi, ku saba da ɗabi'un ƙasar, ku bar yara su buga wasan ƙwallon Amurkawa. Mutane suka ji maganarsa, kuma ta amfane su, domin 'ya'yan teloli sun zama likitoci da lauyoyi. Sai dai waɗannan 'ya'yan ba su iya karanta jaridar da ta yi wa iyayensu jagora ba. A shekarun 1920 ana sayar da fiye da kwafi 200,000 a kullum. Dokar shige da fice ta 1924 ta toshe hanyar sababbin zuwa, sannan kisan kiyashin Turai ya hallaka yawancin masu jin harshen a can. Ina rubuta wannan ne da dare, bayan na yi wa 'yata tambaya da Hausa ta amsa mini da Ingilishi, don haka ba ni da bakin da zan ga laifinsa cikin sauƙi.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a 1946, ta raba shi da aikin yau da kullum, ya rasu a 1951 yana da shekara 91, bai bar ɗa ba. Jaridar ta koma fitowa mako-mako a 1983, ta fara bugun Ingilishi a 1990, sannan a 2019 ta daina fitowa a takarda ta koma intanet. Benen East Broadway kuwa an mayar da shi gidajen kwana masu tsada. Ranar da na tsaya a ƙofarsa na tambayi wani matashi da ya fito daga ciki ko ya san abin da haruffan saman ke cewa, ya ɗaga kai ya duba, ya ce bai taɓa lura da su ba.