Muhammadu Korau, Sarkin Katsina

Muhammadu Korau mutumin 'Yandoto ne. Ya zo Katsina a zamanin Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa. Mutanen dā sun ce shi gawurtaccen ɗan kokawa ne. Ya kara da Sanau, ya kā da shi, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Masana tarihi da yawa sun sa zamaninsa cikin ƙarni na 15.

Shi ne Musulmi na farko da ya sarauci Katsina. Malamai da fatake suka yi ta zuwa, birni ya cika, ya bunƙasa. An ce a zamaninsa aka gina masallacin Gobarau, inda ake salla, ake karatu. Masallacin ya rushe, amma hasumiyarsa tana nan, tsawonta wajen ƙafa 50.

Mutumin Karofi in yana son ganinta, sai ya iso Dutsin-Ma, ya bi ta Kurfi, ya nufi arewa. In ya shiga birni, ya tambayi Gidan Korau, watau fadar Sarki. Hasumiyar ba nisa daga nan, cikin tsakiyar gidajen mutane.

Korau ya daɗe da rasuwa, amma sunansa bai ɓace ba.