Taƙaitaccen Tarihin Georges Méliès (1861–1938)

An haifi Georges Méliès a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1861. Asalinsa ɗan siddabaru ne, ya shiga harkar fim a 1896. Shi ya yaɗa dabarar tsayar da kyamara, a sauya abin da ke gabanta, sannan a ci gaba da ɗauka. Irin wannan dabara ce kan sa aljani ya ɓace ɓat a fina-finan Hausa. Ya shirya fina-finai sama da 500, ciki har da na tafiya duniyar wata (1902). Daga baya jarinsa ya karye, har ya ƙone da yawansu a 1923, ya koma sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa. Ya rasu a 1938.